Masu Zuwa Gaisuwa

Daren Talata, unguwar Aziziyya

Yau aka yi wa Baba tambayoyi a ofishin neman mafaka. Tafintan haifaffen Jidda ne, dogo, mai sanyin murya, irin samarin littattafaina. Ina ta satar kallonsa kamar wata sakarya.

Baba ya faɗi abin da masu yi masa barazana suka ce masa a waya kafin mu gudo: "Malam, shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, muna nan zuwa gaisuwa." Ko yaro a garinmu ya san gaisuwar mutuwa suke nufi. Tafintan kuwa ya juya da Larabci, wai sun yi alkawarin kawo ziyara. Ma'aikaciyar ta ɗaga gira, ta rubuta, ta ce, "Halas," wato shi ke nan.

Na ji sarai, ɗan Larabcina ya kai nan. Amma kunya ta shaƙe ni, wai kar in ba tafintan kunya a gaban mutane. Shi! In aka ƙi mu, ai ba shi za a mayar ba.

Ɗazu Baba yake ta sa masa albarka. "Yaron kirki ne, ko Hajara?"

Na ce, "I, Baba."