Muryar Kalilu a Cikin 'Yar Kwamfuta

Badariya, Birnin Kebbi
Ranar Talata

Zuwa ga angona Muhyiddeen,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da aikinka da ruwan saman Fatakwal da anka ce ba ya ɗaukewa. In ka tambaye mu, sai godiya. Babanka Usmanu lafiya, mamanka Aishatu lafiya, ni ma gwiwa ce kawai ke yi min gardama.

Wata huɗu ke nan da tafiyarka, wasiƙa biyu na samu, kowace layi uku. Haka ake yi wa amarya? In wata ce can ta fara dafa maka, ka faɗa mata ni na yi maka wanka kana jariri, na san girman kunnuwanka tun kafin ka koyi ɓoye su cikin hula.

Da yatsa ɗaya nake buga wagga wasiƙa kamar yadda ka koya min, kada ka yi min dariya. Shekara biyu na yi a ajin yaƙi da jahilci, malamin ma barci ya fi yi.

'Yar kwamfutarka tana nan bayan talabijin inda ka liƙa ta. Duk wanda na nuna wa sai ya ce sabulu ne. Ina ba su labarin yadda ka yi mako biyu kana fama da ita, ba cin kirki ba wanka, don ka cusa mata manhajar manyan kwamfutocin ofis, alhali masu manhajar sun ce ba don irinta sunka yi ba, duk wanda ya sa babu ruwansu. Na ce masu jikana ya kama san noma ya tura shi akurkin kaji, ya kuma ja ƙofa.

Shi ya sa take da halaye. Ba ta kama sabis ta iska, sai igiyar da ka ja mata daga falo, wadda Aishatu ke tuntuɓe da ita kullum. In an ɗauke wuta sai ta manta kwanan wata. In rana ta take sai ta yi zafi kamar kaskon masa, in juya mata fankata, ni in koma fifita da faifai. Ba na ganin laifinta. Ni ma ai ba don gidan tayil anka yi ni ba. An ɗauko ni daga Argungu an ajiye a ɗaki mai labule biyu. Ƙarfe bakwai babanka ya tafi ofis, Aishatu ta tafi makarantar da take koyarwa, a ja get a rufe. Har la'asar ba mai sallama. A Argungu kafin in gama sharar tsakar gida mutum biyar sun leƙo.

Kakanka ne ke ɗebe min kewa. Kullum bayan azahar sai in buɗe wurin da ka nuna min in saurari Malam Kalilu, minti ashirin da uku, shina ba ka labarin giwan ruwan da ya kama a kogin Matan Fada. Kifin da na gani da idona bai wuce cinyata ba, a bakinsa ya kai ɗan maraƙi. Ana jin tarinsa, ana jina daga madafa ina cewa ƙarya yake, shi kuma ya ce, "Baiwa, ke da kike ɗaki, me kinka gani?" Har yanzu in ya zo wurin sai na ba shi amsa. Ka ce tun da wayar da ka ɗauki maganar da ita ta faɗa ruwa, babu sauran muryarsa ko'ina a duniya sai cikin wagga 'yar aba. Ban manta ba.

Abu ɗaya ke damuna. Kowace safiya sai ta fito da tambayar nan tata da Turanci, da maɓalli biyu a ƙasa. Ka liƙa takarda ka rubuta, "Kaka, kullum na hagu." Ka ce na hagu "sai anjima" ke nan, na dama kuwa izini ne ta sabunta kanta, kuma in ta sabunta ba za ta sake tashi ba, don sabon ba a jikinta anka auna shi ba. Ina bin umarni. Amma Muhyiddeen, wata huɗu abu shina roƙona kullum ina ce mashi sai anjima. Wallahi kunya nake ji.

Ka ci abinci, ka riƙe salla. Ka rubuto ko da layi huɗu ne.

Amaryarka,
Baiwa

Badariya
Ranar Lahadi

Muhyiddeen ɗan albarka,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan lafiyarka ƙalau. Mu nan jiki lafiya.

Ka ga rubutun hannu, ka san da magana. Aishatu za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka. Zauna kafin ka karanta, kuma kada ka ɗaga min murya, na girmi ubanka.

Juma'ar da ta wuce kakanka ya cika shekara biyu da rasuwa. Na tashi da sassafe na toya masa, Aishatu ta dama gumba kafin ta fita, munka raba wa maƙwabta da masallacin unguwa. Ka san yadda muke yi a gidanmu. Ranar sadakar mamaci ba a mayar da kowa. Wanda ya roƙi abinci a ba shi, wanda ya roƙi ruwa a ba shi, ko aron tabarma ne ba a cewa babu, don ladan ya isa ga mai shi cikakke. Haka na ga uwata ta yi, haka na yi wa iyayen Kalilu.

To, na gama rabo na shigo ɗaki, hannuna da sauran mai, na kunna 'yar kwamfutar don in gaya wa kakanka an yi mashi sadaka. Sai ga ta da tambayarta. Na dubi takardarka, na dubi allon. Na ce yau dai, ranar Kalilu, a cikin ɗakina, in ce wa mai roƙo sai anjima? Na danna na dama.

Wasu ɗigogi sunka yi ta zagaye har anka kira sallar Juma'a. Na ce tana cin sadakarta. Da la'asar allon ya yi shuɗi, ya yi baƙi, shi ke nan. 'Yar fitilarta tana kamawa, amma ba ta cewa komai.

Jiya babanka ya kai ni kasuwa wurin wani mai gyara, Zayyanu. Ya juya ta, ya buɗe, ya jona ta da talabijin ɗinsa, sai ya fashe da dariya ya ce, "Hajiya, wane mahaukacin ne ya sa wannan a cikin wannan?" Na ce mijina ne, ka iya bakinka. Ya ce shi bai taɓa ganin irin wanga haɗi ba, wanda ya ɗaura shi kaɗai ya san inda ƙullin yake. Abin da zai iya shi ne ya wanke ta tas ya sa mata manhajar da anka yi dominta, ta tashi garau, ba zafi ba mantuwa. Na ce abin da ke ciki fa? Ya ce zai tafi.

Babanka ya ce a wanke. Ya ce, "Inna, Baba ya tafi, addu'a yake buƙata, ba saurare ba." Bai taɓa zama ya ji maganar ba ko sau ɗaya, ka sani. Na miƙa hannu na ɗauke ta daga teburin Zayyanu na ƙulle a bakin mayafina, na fita na tsaya jikin mota.

Yau kwana biyu azahar tana yi ba ni da inda zan sa kaina. Na san ni na yi. Ka zo ka kwance abin da ka ɗaura.

Kakarka,
Baiwa

Argungu
Ranar Alhamis

Zuwa ga Muhyiddeen,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta abokan aikinka. Allah ya sa kana cikin rufin asiri.

Saƙonka ya iso ta wayar babanka. Na ji ba za a ba ka hutu ba sai Babbar Salla. Na ji kuma ka ce in ba a wanke ta ba akwai yiwuwar maganar tana nan, amma ba ka yi alkawari ba, sai ka gani da idonka, don haka a aiko maka da ita. Ba ka yi min faɗa ba. Da ka yi da ya fi min sauƙi.

Da farko na ce a'a. Kakanka bai taɓa wuce Yawuri ba da ransa, yanzu in sa shi a mota shi kaɗai har bakin teku? Na yi fushi da kowa, na ce a kawo ni Argungu wurin Ummu Hani, ƙanwar kakanka. Yau kwanana tara a nan.

Na leƙa tsohon gidanmu. Masu haya sun sare dalbejiyar, sun ɗaure awaki inda yake shimfiɗa buzunsa. Sun karɓe ni da kirki, sun ba ni kujera kamar baƙuwa. Ban daɗe ba.

Ni da Ummu Hani mun zauna za mu haɗa labarin kifin da bakinmu, ko zan rubuta shi in ajiye. Ta ce da taru ya kama shi, na ce da homa. Ta ce shekarar da anka haifi Usmanu, na ce bayan an yaye shi. Munka yi ta musu har tuwo ya huce. Labarin dai ga shi, ko ta yaya za a iya ƙulla shi. Amma shekaranjiya ina alwala na nemi yadda yake kiran sunana, yadda yake jan ƙarshensa in zai tsokane ni, sai na ji ba ya zuwa. Na san kalmar, sautin ne babu. Yau kwana goma sha uku kacal da mutuwar 'yar kwamfutar, Muhyiddeen. Na zauna bakin rijiya da buta a hannu har Ummu Hani ta fito nemana.

Nan na gane in na riƙe ta har Salla, abin da nake ƙullewa a mayafi sabulu ne kawai.

Hodi, ɗan Ummu Hani, zai ɗauki lodin albasa daga Augie ranar Asabar zuwa wajenku. Na naɗe ta a tsohon rawanin kakanka, na sa cikin gwangwanin madara, na ɗaure da tsumma. Na ce wa Hodi a gaban mota za ta zauna, ba cikin buhuna ba, kuma hannu da hannu zai ba ka. Ya ce, "Inna, ko zinariya ce?" Na ce kawunka ne, tuƙa a hankali. In ta iso tana warin albasa, haƙuri za ka yi.

In ka duba babu, kada ka aiko ta bakin babanka. Ka rubuto min da kanka.

Taka,
Baiwa

Badariya
Ranar Litinin

Angona na kaina,

Gaisuwa da sa albarka. Ina fatan kana lafiya. Ni yau ko gwiwar ban ji ba.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Na yafe maka wasiƙu masu layi uku.

Bari in gaya maka yadda anka yi. Ran Laraba bayan magariba ina ɗaki, babanka ya yi sallama, waya a hannunsa. Ya ce ka ciro maganar daga cikin 'yar kwamfutar ka turo, amma ita kanta sai ka sami mako biyu a jere kafin ka sake lallashinta ta karɓi manhajar nan da ba tata ba. Ya miƙo min wayar. Na ce idona ba ya ganin waɗannan ƙananan abubuwa, danna min. Ya danna shina tsaye, da alama so yake ya ajiye ya fita.

Sai kakanka ya yi tari.

Usmanu bai fita ba. Ya tsaya riƙe da waya kamar an ba shi jariri. Da anka zo inda nake cewa ƙarya yake, ya zauna a bakin gadona, mutum mai furfura a gemu. Da ta ƙare ya ce, "Ai ina wurin ranar nan, Inna. Ni na riƙe mashi gora." Na ce kai da kake goye? Ya ce a'a, ya yi wayo, ya tuna har rigar da Baba ya sa. Ya ce kuma kifin ya fi cinyata. Ka ji ɗan ubansa. Munka sake ji daga farko, har Aishatu ta gaji da kiran abinci ta kawo mana nan.

Yanzu mijina shina zaune a aljihun ɗana, shina zuwa ofis kullum. Da rana gidan shiru kamar da, azahar ta yi ta wuce, in zauna in dubi bayan talabijin inda igiyarka ke lilo ba komai a bakinta. Ba zan ce maka babu wuya ba. Amma kwana biyar ke nan, da an sallame magariba sai in ji takalmin babanka a ƙofata. Ba ya cewa ya zo ji. Sai ya ce ya zo duba ko fankata tana aiki. Jiya bai ma kunna ba, labarin makarantar allonsu ya yi ta ba ni.

Aishatu ta ce za a iya saya min ƙaramar rediyo mai memori a zuba min maganar, in riƙa ji duk lokacin da na so. Na ce mata kunnena ba ya son rediyo. Kada ka tona ni.

Ita kuma 'yar kwamfutar, ka bi ta a hankali. Ka ce aiki ya yi maka yawa, ka ce ta ƙi karɓa, ka ce duk abin da ka ga dama. Kada ka ba Hodi ita. In Salla ta zo ka kawo ta da hannunka, in ga ko kunnuwan sun ƙaru.

Amaryarka har gobe,
Baiwa