Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Zuwa ga ɗan Yayana, a Duwala.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu ma a nan unguwar Briqueterie sai godiya. Damina ta kama, kwanon ɗakina yana yoyo, ƙafafuna sun ƙi. Makwabciyata Hajiya Ladi za ta sa wannan a waya, don na san nan kake dubawa. Wanda ya karanta tare da kai ya yi haƙuri da tsoho.

Watan jiya na faɗi a bakin masallaci, aka kai ni asibiti a unguwar Messa. Wata ma'aikaciya tana cika takarda ta tambaye ni 'ya'yana nawa, wa za a kira. Na ce babu. Ta rubuta. Tun ranar ban huta ba.

Kai ne ɗanmu na fari, ka sani. Ka kuma san al'ada: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane. Da aka yaye ka, Yaya ya aiko aka tafi da kai gidansa a Nkomkana, saboda Allah bai ba shi haihuwa ba. Mahaifiyarka ta naɗe kayanka a ɗankwali, ba ta raka ka ko ƙofa ba. Kwana uku ba ta ci abinci ba, tana cewa ciwon ciki ne. Bayanka mun haifi biyu, ba su zauna ba.

Da riƙo ne kawai irin na gida, da da sauƙi. Amma Yaya yana aikin jirgin ƙasa, asibitin ma'aikata kuwa ba ya karɓar ɗan riƙo, sai ɗan da takarda ta ce naka ne. Shi ya sa muka je kotu.

Ba zan ce an yaudare ni ba. Ni na yi lakwal, wato makarantar boko, tun zamanin da ake dukanmu a kan Faransanci, ni nake karanta wa rabin unguwar nan wasiƙunsu. Na karanta takardar tun daga sama har ƙasa. Alƙali ya tambaye ni sau biyu ko na fahimci cewa daga yau sunanka da ikonka sun koma hannun wani. Yaya yana zaune kusa da ni. Ta yaya zan nuna ina ji da ɗan fari a gaban Yayana? Na ce ai dama ɗansa ne. Na sa hannu da sauri.

Yaya ya riƙe ka da gaskiya, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ya yi jinyar ƙyandarka, shi ya kai ka makaranta, shi ya nema maka aure. Allah ya jiƙansa.

Abin da ya tsaya mini a wuya ɗaya ne. Kana shekara goma sha biyar ka zo ka same ni ina alwala, ka tsuguna, ka ce, "Baffa, gaskiya ne abin da ake faɗa?" Na ci gaba da wanke ƙafa, na ce ka je ka tambayi babanka. Ka tashi. Ba ka sake tambaya ba, kuma tun daga nan gaisuwarka ta zama irin ta baƙo mai ladabi.

Da na fito asibiti na lallaɓa wurin wani lauya. Na tambaye shi ko, tunda Yaya ya rasu, za a iya warware takardar. Ya ce hukuncin yana nan, mutuwa ba ta soke shi, kuma ba ni da abin da zan nema a kanka. Liman ya ce a shari'armu jini ba ya gogewa, ɗana ne kai har gobe. Na dawo gida da amsa biyu, na zauna ni kaɗai. Ba ɗayarsu da za ta miƙo mini buta.

Na gaji da hawa matakalar ofis. Ba na neman ka sauya suna, ba na neman komai daga aljihunka. Ina so dai in na sake faɗuwa, aka tambaye ni wa za a kira, in sami izinin ba da lambarka. Kai kaɗai ke da wannan izinin, alƙali ba shi da shi.

Tambayar da ka yi mini a bakin buta, ga amsarta, ko da ta makara: gaskiya ne.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka 'ya'ya masu jin ƙanka, ya hana ka jin kunyar kiran sunansu. Mahaifiyarka ta tafi ba ta kira naka ba. Ni ma bakina bai saba ba, don haka bari hannu ya fara.

Habibu.

Naka,
Baffanka a takarda,
Malam Isiyaku.