Haɗin Mama na Ranar Godiya

La Paz, Meziko
12 ga Oktoba, 1987

Yaya Verna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ni lafiya lau. Injinan haƙa rijiya sun zama uku, ma'aikata tara, kuma babu mahaluƙin da ya ba ni ko ƙusa.

Bana ni zan yi wa 'yan ƙasarmu da ke nan Bikin Godiya irin na gida a ƙarshen Nuwamba, mutum goma sha ɗaya. Na sayi talotalo mai rai. Tandata ba za ta ɗauke shi ba, amma Don Chuy mai gidan burodi ya ce zai gasa mini. Saura abu ɗaya. Shekara da shekaru ina cika musu baki cewa duk Arkansas babu haɗin burodin masara irin wanda Mama ke cusa wa talotalo. Royce, wani tsohon matuƙin jirgin ruwa ɗan Texas, ya ce, "To bana mu gani a faranti, mun gaji da ci da kunne."

Ki rubuto mini yadda ake yi, maza-maza. Kin san wasiƙa sai ta yi sati biyu a hanya.

Ƙaninki,
Delbert

Mena, Arkansas
28 ga Oktoba

Delbert ƙanina,

Na ga takardarka, na gode wa Allah da kake lafiya. Injina uku ka lissafa mini, ba ka tambayi kowa ba.

Ban iya haɗin nan ba. Mama ba ta taɓa rubuta shi ba. Da hannunta ya fara rawa, ɗan'uwanmu Orval ne ya riƙa tsayawa kusa da ita, tana faɗa yana zubawa, har shekara shida. Tun da ta rasu shi ke yi mana. Shi kaɗai ya sani.

Na tambaye shi don kai. Ya ce, "Mai so ya tambaya da kansa."

Na san abin da ya ce maka a tebur ranar da za ka tafi, wai ko wata shida ba za ka yi ba za ka dawo kana neman aikin ƙarfi a gonarsa. Shekara goma sha bakwai ke nan, Delbert. Ka zo jana'izar Mama ka kwana a otal don kada ku gaisa. Yayanka ne. Adireshinsa bai canza ba.

Taki,
Verna

La Paz
27 ga Nuwamba

Yaya Verna,

Bayan gaisuwa. An yi biki jiya. Ban rubuta masa ba. Wanda ya huda dutse ƙafa ɗari huɗu ya ɓullo da ruwa, burodi da albasa ne za su gagare shi? Haka na ce wa kaina.

Sau huɗu na gwada. Garin masarar nan ba irin namu ba ne, na waina ne, da farar ƙasa ake dafa shi. Na fari ya fito kamar bulo, karen maƙwabta ya shinshina ya wuce. Na huɗu ne na cusa na kai wa Don Chuy.

Talotalo ya yi kyau, wannan ba gardama. Na yanka, na raba. Royce ya kai haɗin baki, ya daɗe yana tauna, ya ce, "Maigida, da wannan kake liƙe bututu?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai Maybelle Pruitt, tsohuwa ce 'yar Tennessee, ta ce, "Rufe mana baki, Royce, kai da ka kawo wake na gwangwani." Ta juyo ta ce, "Ɗan nan, wannan ba na uwar kowa ba ne. Babu wanda ya iya a gidanku?"

Na ce akwai.

Ta ce, "Ya mutu?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To," ta ci gaba da cin dankalinta.

Da aka zo zagayen godiya, kowa na faɗin abin da yake gode wa Allah a kai, ni tashi na yi wai zan duba kofi. Na tsaya a kicin har suka gama. Ba kunyar Royce ba ce. Abin da ya dame ni, ina ta ƙoƙarin tuno ɗanɗanon na Mama don in gane inda na kuskure, na kasa. Ya tafi, Yaya. Na tuna farantin, na tuna hannunta, ɗanɗanon babu.

Yau ban zauna ba. Na je wurin aiki na dawo, na sake komawa. Da rana na rubuta masa layi uku. Ban ba shi haƙuri ba, kada ki ɗauka. Tambaya kawai na yi, na sa sunana. Na jefa a akwatin gidan waya, kuma sai da na yi minti goma a tsaye ina tunanin yadda zan zaro ta.

In ya yi dariya kada ki gaya mini.

Ƙaninki,
Delbert

Mena
13 ga Disamba

Delbert,

Na samu taka. Muna lafiya.

Ka gasa burodin masara da kindirmo kwana biyu kafin ranar, ban da sukari, ka bar shi ya bushe. Kasko biyu. Albasa uku, ka soya da man shanu har ta yi laushi. Ƙwai shida. Romon wuya da ƙundu, da zafinsa. Ganyen ƙamshi ka murje a tafin hannu. Ka cuɗa da hannu, ba da cokali ba, har ya yi ruwa-ruwa ka ga kamar ka ɓata. Ba ka ɓata ba. Garin namu yana hanya, na aika maka.

Ma'aunin na mutum goma sha huɗu ne. Ban iya rage shi ba. Bana mu huɗu ne a tebur.

Ka huta lafiya.
Yayanka,
Orval