Gashin Yaya na Cikin Hoto

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Wannan ce takarda ta uku da na fara rubuta miki. Biyun farko na yage su, don duk sanda na karanta sai in ga kamar za ki ce mutane na fama da manyan matsaloli, ni kuma na rasa abin kawowa sai zancen gashi. To ni dai zancen gashin nan ya hana ni sukuni, kuma babu wanda zan iya faɗa wa a gida.

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni da yayata. Shekara shida ke nan da rasuwar Yaya, Allah ya jiƙanta. Ta bar miji, kafinta ne, mutumin kirki wanda bai iya doguwar magana ba, da 'ya guda ɗaya da muke kira Lauya saboda tambayarta ba ta ƙarewa. Yanzu shekararta goma sha ɗaya. Tana wurin babanta, layi biyu ne tsakaninmu, kuma duk Asabar da safe takan zo ɗakina in wanke mata kai in yi mata kitso.

A falonsu akwai babban hoton Yaya, mijinta da kansa ya yi masa firam da katako mai kyau. A hoton gashinta ya kwanta luf, baƙi wuluk, yana sheƙi, ya sauko har kafaɗa. Duk baƙon da ya shigo sai ya tanka. Shi kuwa mijin nata, wanda sai ka yi da gaske kafin ka ji magana biyu daga bakinsa, in dai aka taɓo gashin nan sai baki ya buɗe: haka Allah ya halicce ta, ko mai ba ta cika shafawa ba, mataji wucewa kawai yake yi.

Anti, ba haka Allah ya halicce ta ba. Rilaksa ne, man nan da ke kwantar da gashi, kuma da hannuna nake shafa mata. Gashin Yaya na ainihi irin namu ne, mai cika, mai tauri, wanda in ya sha ruwa yake tattarewa ya dunƙule. Muna yara matazan da ta karya ba su ƙirguwa, har mahaifiyarmu kan ce da za ta samu ta sa maƙeri ya ƙera mata na ƙarfe. Tana da shekara goma sha bakwai ta fara sa man, ba ta kuma daina ba.

Yadda abin ya faro abin dariya ne. Farkon aurensu ya ga gashin a kwance ya tambaye ta, cikin jin kunya irin tasa, ko haka aka haife ta da shi. Ita ma kunya ta kama ta, ta yi dariya ta ce eh. Shi ke nan. Ta ce mini gobe za ta gaya masa, goben ta zama wata, watan ya zama shekara. Shi kuma kullum ƙara yabawa yake, har a gaban 'yan uwansa, to ta yaya za ta janye? Sai ya zama duk bayan wata biyu ta ce masa za ta zo taya ni wanki. Mu kulle ƙofa, mu buɗe taga saboda wari, in shafa mata basilin a goshi da bayan kunne don kada ta ƙone, in sa safar hannu in bi tushen gashin da rilaksan layi-layi. Tana zaune a kan bokitin da muka kife, idonta a kan agogo, man na cin fatar kanta, ina ce mata mu wanke haka, tana cewa a ƙara minti biyu. Mun sha dariya a ɗakin nan, wallahi har cikinmu ya ƙulle. Ni a lokacin ban ɗauke shi ƙarya ba, wasa ne tsakanin ya da ƙanwa.

Da ta kwanta ciwo, wata huɗu babu zancen mai. Sabon gashi ya tsiro daga ƙasa da taurinsa, na sama kuma yana ta karyewa. Ba ta yarda ta cire ɗankwali in yana ɗakin. Wata rana da rana, ya fita sayo magani, ina gyara mata ɗaurin kai, ta riƙe mini hannu ta ce, “Kada ki bari ya sani. Zai ce tun ranar farko na fara yi masa ƙarya.” Na ce ta bar wannan magana, za ta warke mu ci gaba da wankinmu. Ba ta sake ni ba sai da na yi mata alkawari. Bayan kwana tara ta cika.

Na riƙe alkawarin nan shekara shida ban ji nauyinsa ba, sai da Lauya ta fara wayo.

Yarinyar nan ta tsani gashinta. Gwaggwanninta, ƙannen babanta, sukan tsokane ta wai ta bar na uwa mai kyau ta kwaso na dangin uba, su wasa suke yi, ita kuwa tana ajiyewa a rai. Na taɓa kama ta ta tuttula man girki a kai ta ɗaure tamau da tsohuwar safa wai ya kwanta. Babanta ya ga tana damuwa, ya rasa yadda zai yi, sai ya ce mata ta yi haƙuri, in ta girma zai kwanta kamar na mamanta. Da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ma abin da ya yarda da shi ke nan. Lauya kuwa ba a yi mata magana a dunƙule, sai da ta matsa masa ya faɗi yaushe. Ya ce in ta kai sha biyu. Saura wata biyu ta cika sha biyu, Anti. Duk Asabar sai ta tambaye ni ko na ji ya fara laushi.

Makon jiya aka ba su aikin gida a makaranta, kowa ya rubuta abin da ya gado daga uwa da wanda ya gado daga uba. Ta kawo littafin in duba mata. A ɓangaren uba ta jera launin fata, wushirya, manyan yatsu, gashi. Ɓangaren uwa ta bar shi fari fat. Na ce ai kin manta nan. Tana zaune a ƙasa tsakanin gwiwoyina, ta ba ni baya, mataji na hannuna, ta ce, “Ban manta ba, Anti. Na duba ne ban ga komai ba. Anya ita ta haife ni?”

Na yi mata faɗa na ce ta daina zancen banza. Abin da ba ta sani ba shi ne, duk sanda na sa hannu a kanta, kan Yaya nake taɓawa. Cikar ɗaya ce. Wurin da mataji ke maƙalewa a ƙeya, can gefen hagu, nan ne dai na uwarta ke maƙalewa. Har yadda take ɗage kafaɗa in an ja mata, iri ɗaya. Sau da yawa ina kitson ina hawaye, ina gode wa Allah da ta juya mini baya. Ina ƙaunar yarinyar nan fiye da yadda zan iya rubutawa, kuma ni ce nake kallonta tana jiran abin da ba zai zo ba.

Ina da wani tsohon hoton Yaya tana aji huɗu na firamare, gashi tsaye cirko-cirko ya ƙi shiga ɗankwali. Ta sha cewa in ƙone shi, na ɓoye a ƙasan akwati. Sau biyu na ɗauko shi ranar Asabar na mayar.

In na faɗa, na ci amanar wadda ba ta da bakin kare kanta. Na kuma taɓa wa bawan Allah nan abin da ya rage masa, mutumin da har yau da gefen rigarsa yake goge gilashin hoton. Ina kuma tsoron Lauya ta ce to ita ma a sa mata man, ni kuwa na san tabon ƙunar da ke kan uwarta guda nawa ne. In na yi shiru, ranar da ta cika sha biyu me zan ce mata? Ki gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Ƙanwar marigayiya

*

Ƙanwata,

Allah ya jiƙan yayarki, ya saka miki da alheri kan riƙon da kike yi wa 'yarta. Ki daina cewa zancen gashi ne kawai. Yarinya ce ke tambaya ko uwarta ta bar mata wani abu, wannan kuwa babbar magana ce.

Ba zan ce miki alkawari ba komai ba ne. Wanda aka ɗauka a bakin gadon asibiti yana da nauyi, kuma da kin zo kina neman ki faɗa don kawai ki sauke wa kanki kaya, da na ce ki yi shiru. Amma ki duba abin da ta ji tsoro. Kunyar mijinta ta ji, kada ya yi mata kallon maƙaryaciya. Lokacin 'yarta na da shekara biyar, ba ta san komai kan gashi ba sai kukan kitso. Yayarki ba ta hango ranar da yarinyar za ta bar layin uwa babu rubutu ba. Ke kin san ta fiye da ni. Da a ce tana tsaye a bakin ƙofa ta ji tambayar nan, za ta ce ki ci gaba da rufa mata asiri? Ina jin kin riga kin san amsar, shi ya sa kika ɗauko hoton har sau biyu.

Ki fara da uban, kada ya tsinci maganar a bakin 'yarsa. Ki same shi lokacin da ba shi da aiki a gabansa, ki tafi da littafin makarantar, ki bari ya gani da idonsa kafin ki ce komai. Sannan ki ba shi labarin yadda kika ba ni, da dariyarsa da komai: amarya ce ta ji kunya ta ce eh, ta ga abin na faranta masa rai ta kasa janyewa. Ki gaya masa har maganarta ta ƙarshe, don ya san darajar da ganinsa yake da ita a wurinta. Mai yiwuwa ransa ya sosu, ya yi kwana biyu ba ya son magana. Ki ƙyale shi, yana da haƙƙin haka. Mai yiwuwa kuma ki tarar ya daɗe da zargin wani abu ya yi shiru don kada ya kunyata ta, maza ba su kai yadda muke zato rashin lura ba. In ya nemi lokaci ki ba shi, amma ki faɗa masa a fili cewa lallai yarinyar ta sani kafin ranar da ya yanka mata.

Ita kuma ki gaya mata ranar kitso, hannunki na cikin gashinta. Ki nuna mata wurin da mataji ke maƙalewa, ki ɗora yatsanta a kai, ki ce nan ne na mamanki ma yake maƙalewa. Sai ki miƙa mata hoton firamaren, ya zama nata. Na falo kuma kada a taɓa shi, duka biyun uwarta ce. Tunda Lauya ce, za ta yi tambaya ɗari, har da me ya sa kika ɓoye. Ki ce alkawari kika ɗauka, ki kuma ba ta haƙuri kan faɗan da kika yi mata rannan.

Zancen man kuwa, kada ki zage shi a gabanta, don zagin zaɓin uwarta ne. Ni kaina na yi shekaru ina sawa, na daina da gashin goshina ya fara gudu. Ki gaya mata gaskiya: yana kwantar da gashi, yana kuma ƙuna, fatar kan yarinya ba ta kai ɗaukarsa ba, in ta girma kanta ne ta zaɓa. Kafin nan ki sauƙaƙa mata Asabar. Kada ki taje shi a bushe, ki raba gida-gida, ki fara warwarewa da yatsu, ki samo mataji mai manyan haƙora ki faro daga baki zuwa tushe. Gwaggwannin nan kuma uban ya ja musu kunne, wasan ya isa haka.

Ba tona asirin yayarki na ce ki yi ba. Ta bar wa 'yarta gado, kuma duk duniya ke kaɗai kika san inda yake. Ajiya ce a hannunki, mai ita kuma ta zo tana tambaya, ki miƙa mata abinta.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya da daɗin baki, ya sanyaya wa mahaifinta, ya raya Lauya ta girma tana son kanta yadda uwarta ta so ta.