Tarmosta da jana'izar Kawu

Gaya, daren Alhamis

Ban samu jana'izar Kawu Idi ba. Shi ya rene ni, amma wasu ne suka sa shi a kabari.

Da safe aka kira ni daga Zabori, na ɗauki motarmu. Ban kai Dioundiou ba moter, wato injin motar, ya tafasa. Ina tsaye cikin rana har wani makanike ya zo a kan babur, ya ciro ɗan ƙarfen da bai cika tafin hannu ba.

"Tarmosta ce, Malam," ya ce. "Ƙofar ruwa ce. In moter ya yi zafi sai ta buɗe, ruwa ya wuce radiyater ya huce. Taku ta maƙale a rufe."

Tun watan jiya nake gaya wa Yaya Sani allurar zafin motar tana hawa. Shi ke yawon Malanville da motar, amma cewa ya yi in ƙara ruwa kawai.

Da na isa har an dawo daga maƙabarta. Yaya, da ya riga ni a motar haya, ya dube ni gaban mutane ya ce, "Kai kullum a makare."

Na gaishe shi, na zauna.