Muryar Mahaifiyata Tana Cikin Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Goggo Mereoni, ki taimake ni, don na rasa wanda zan tambaya bai yi mini dariya ba.

Ni mutumin tsibirin Kadavu ne, na daɗe ina aiki a wata mayankar shanu can ƙasar waje, cikin jihar Kwinslan, inda babu teku sai jar ƙasa da ƙudaje. Da mahaifiyata ta rasu ban samu zuwa ba. Abin da ya rage mini nata shi ne muryarta. Zuwana gida na ƙarshe na zaunar da ita ta rera waƙoƙin coci, na naɗa, na zuba a kwamfutata. Babu su a ko'ina sai nan.

To akwai taubashina Sakiusa, ɗan kawuna, ɗaki ɗaya muke kwana. Kin san al'adarmu, in ɗan'uwa ya roƙa ba a ce masa a'a, balle taubashi. Ranar Lahadi bayan coci ya roƙi kwamfutar zai kalli ƙwallon zari-ruga. Wai nauyi gare ta kamar mai ita, sai ya sauke wata manhajar shara, ta hau share saitin injin, ana cikin haka caji ya ƙare. Tun ranar in na kunna sai fuskarta ta yi shuɗi, ta mutu, ta sake yunƙurin tashi, ta sake mutuwa.

Ba zan zalunce shi ba. Lokacin makoki shi ya riƙa dafa mini rogo da kifi yana tsare ni sai na ci. Amma yanzu yana ce mini tsohon kunkuru, wai in ba shi ya mayar da ita sabuwa fil kamar daga shago. Kuma roƙo ya yi, a gaban mutane, da ƙoƙon kava a hannunsa, abin shan nan namu na gargajiya da ake miƙawa in za a yi babban roƙo. Na ce sai na yi tunani, har ana kallona.

Abin da ya ɗaure mini kai, Goggo, injin da ya manta yadda ake tashi, ya manta abin da ke cikinsa ne? Ina muryar take zaune yanzu? In aka mayar da kwamfutar sabuwa, tsohuwata tana biyo ta ko tana tafiya? Wata mai zuwa za mu cire makoki, kuma na yi wa dangi alkawarin za su ji ta.

Wanda ya gaji a Kwinslan

*

Ɗana, Allah ya ba ka haƙuri. Kada ka yarda a mayar da ita sabuwa. A irin wannan gyara, dannawa ɗaya bisa kuskure tana share komai.

Bisa ga abin da ka faɗa, muryar tana nan. Kamar injin kwalekwale ne ya ƙi tashi, amma kifin yana ciki. Saitin ne ya lalace, shi ke gaya wa kwamfuta yadda za ta farka, waƙoƙin kuwa suna kwance a ma'ajiya.

Ka daina kunna ta. Ka kai ta wurin mai gyara, ka tafi da kalmar sirrinka. Ka ce ya tayar da ita daga filashi, ya fara kwashe waƙoƙin, kuma ka ji su da kunnenka kafin ya taɓa komai. Bayan nan ya gwada mayar da saitin yadda yake kafin Lahadin, sau da yawa kwamfuta tana ajiye tsohon. Ka yi kwafi biyu, ɗaya ya tafi Kadavu.

Sakiusa kuwa ba mugu ba ne, karambani ne da kunya, so yake ya gyara abin da ya ɓata. Ba sai ka ce masa a'a ba. Ai kai ma kana da bakin roƙo. A gaban mutanen nan, ka ɗauki ƙoƙon kava ka roƙe shi ya kai ka shagon a motarsa, hannayensa a aljihu har a gama, sannan ranar cire makoki shi zai kunna wa dangi muryar gwaggonsa. Mu ga ko zai iya ce maka a'a.

Allah ya sa ku ji ta tare.

Goggo Mereoni