Gicciyen da Na Ɓoye a Bayan Shago

Ni mahaifinku, kafinta, na rubuta wannan da hannuna kuma cikin hankalina. Ƙafafuna ne suka kumbura, kaina lafiyarsa lau. Na fara da haka ne domin idan kuka kai tsakiyar takardar nan za ku so ku ce tsufa ya ruɗa Baba. Babba, Malama, Auta, ku karanta ta a zaune wuri guda, mahaifiyarku tana ji.

Na ɗaya. Gida na mahaifiyarku ne muddin tana numfashi. Kada a canza mata ɗaki, kada a ɗauke kujerarta daga bakin taga. Bayanta, naku ne ku uku, kuma ban yarda a ja katanga a tsakar gidan ba.

Na biyu. Shago da injin yanka katako da duk kayan aiki na Babba da Auta ne tare. Amma jakar fatar da ke saman kabad, mai gizago da wuƙaƙen sassaƙa uku, ba tawa ba ce. Ta ƙanena ce, wanda kuke kira Baba Ƙarami. Ranar da ya rasu na ɗauke ta daga ɗakinsa mutane suna ta kuka. Ku mayar wa 'yarsa mai ɗinki.

Kakanku masassaƙi ne, shi ya koya mana mu biyu. Ni sai na auna sau uku kafin in yanka, shi kuwa ƙanena kallon itace kawai yake yi ya sa gizago. Idan na kai wa kakanku aikina, ya juya shi ya ce ya yi. Idan ƙanena ya kai nasa, sai tsohon ya riƙe ya yi shiru mai tsawo. Shekara sittin ina kishin wannan shirun.

Ina ɗan shekara goma sha tara na ba da gaskiya ga Almasihu, aka yi mini baftisma. Ƙanena ya zauna yana sassaƙa gumaka wa masu shigowa ta ƙofar baya, har ya keɓe wa nasa gumakan ɗaki yana yi musu yanka. Na nuna wa duniya baƙin ciki, amma a zuciyata na ce madalla, hannu nasa, sama tawa. Kowace Laraba a taron addu'a ina ɗaga murya ina roƙon Allah ya juyo da shi, kuma Allah shaida ne ban so a amsa ba.

Sai aka amsa. Bayan rasuwar matarsa, ya kwaso gumakan nan tsakar gida da rana tsaka ya cinna musu wuta, ya zo coci ranar Lahadi rigarsa tana warin hayaƙi. A kan bencin da na ƙera ya durƙusa. Jama'a suka ɓarke da kuka da waƙa, har mahaifiyarku ta jiƙa gyalenta. Shekara talatin da takwas ni ke buɗe ƙofar cocin nan kafin kowa ya zo, ba wanda ya taɓa zubar mini da hawaye ko ɗigo. Fasto ya yi wa'azi cewa jinƙan Allah ba ya tambayar mutum ƙarfe nawa ya iso. Kowa ya ce amin, ni na haɗiye yawu.

Na uku, kuma wannan ne dalilin takardar. A bayan shago, ƙarƙashin tsofaffin katako, akwai abu nannaɗe cikin tamfol. Gicciye ne na itacen maɗaci. Wata bakwai Baba Ƙarami ya yi yana sassaƙa shi, kyautar tubarsa ga ikilisiya. Dattawa suka ba ni in rataye shi gaban coci, tunda aikina ne. Ina shafa shi da tafin hannu na san daga ranar ba mai sake kallon mumbarin da na yi. Sai na ce wa dattawa gara ta shiga cikinsa, sai an yi masa magani. Aka yarda, don wa zai ƙaryata ni a kan katako?

Sau biyu ƙanena ya tambaye ni labarin gicciyen, na biyun yana kwance a gadon asibiti. Bai yi na uku ba. Ina jin ya sani, don masassaƙi ba ya jahiltar itacen da ya zaɓa da hannunsa. Ya kama hannuna ya gode mini saboda addu'o'in Laraba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Makon jiya na sa tabarau na buɗe tamfol ɗin, na bi gicciyen da ma'auni daga sama har ƙasa ina neman aibi ko ɗaya da zan riƙe. Ban samu ba. Babba da Auta, ku ɗauke shi a kafaɗarku ku kai coci. Malama, ke za ki karanta wannan sashe a gaban jama'a. Na san halinki na gyara wa yara rubutu, kada ki gyara mini ko kalma.

Na huɗu. Ku kifa kowane benci a cocin, za ku ga alamata a sassaƙe a ƙarƙashi, benci arba'in da shida. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na ƙanena. Shi ya yi wa itace sujada a fili, ya ƙone shi a yini ɗaya. Ni sunana na bauta wa, na shigar da shi har cikin gidan Allah, ina jin daɗi ana cewa babu irina. Watan da ya wuce na faɗa wa fasto komai. Ya ce jinin da ya wanke ƙanena shi ne zai wanke ni. Ko a nan sai da na ji haushi, wai ni da shi ƙofa ɗaya. Amma wata ƙofar babu, kuma na shiga, kaina a ƙasa. Na fara goge alamun da samfefa, na yi uku na kasa ci gaba, kuma ba hannuna ne ya gaji ba. Ku ƙarasa.

Na biyar. 'Yar Baba Ƙarami ta yi shekara shida ba ta tako gidan nan ba. Na ce muku girman kai ne, kuka ɗauke mata ƙafa ku ma. Ƙarya na yi. Ta shigo shago wata rana karɓar kujera, ta ɗaga gefen tamfol, ta dube ni, ta fita, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Ku je wurinta kafin ku je coci, zumunta a ƙafa take. Idan ta ƙi buɗe ƙofa, ku koma. Idan ta yarda, a binne ni kusa da mahaifinta. Idan ba ta yarda ba, kada ku matsa mata.

Na shida. Babba, kai nake wa magana. Na ga yadda fuskarka take yi idan mai sayen kaya ya wuce teburinka ya tsaya a kan na Auta. Na san wannan fuskar, tawa ce. Auta ya fi ka hannu, ka ji daga bakina tun yanzu ka huta. Kai kuma ka fi shi haƙuri da mutane, kuma shago ba ya tsayawa da ɗaya kaɗai. Hassada ga mai rabo taki ce, ni na zuba wa ƙanena ita har ya riga ni shiga sama.

Ba zan ce muku na warke ba. Ko yanzu da nake rubutu, idan na tuna yana can tun shekara shida ana murna da shi, sai in ji abin ya taso mini. Haka zan je, da kishina, in ajiye shi a gaban wanda ya karɓi mai gumaka bai yi masa gori ba.

Ubangiji ya sa muku albarka, ku da 'ya'yanku da 'ya'yan Baba Ƙarami, ya tsare ku da zama gida biyu. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna. Ranar da aka rataye gicciyen, idan jama'a suka fara yabon hannun ƙanena, kada ɗayanku ya ce ai benci ma Babanmu ne ya yi. Ku zauna a kai ku ɗaga ido tare da kowa.